Wardin Da Ya Ɓata a Ƙofar Turai

Ranar Litinin da hantsi Turai ta buɗe ƙofarta, ta tarar da kular abincin da Hajiya Barira ta saba ajiye mata, ba ta tarar da komai ba bayan ita. Wayarta kuwa tun ƙarfe bakwai take cewa an kawo kaya, an karɓa. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu, har ta ɗaga tabarmar goge ƙafa. Sannan ta koma ciki ta zauna a ƙasa, ta yi irin kukan da ta ɗauka ta gama yinsa tun watanni uku da suka wuce.

Kafin azahar duk Bahaushen da ke dogon benen nan na unguwar Bukit Jalil, a can ƙasar Malay, ya ji. Da ma ba su da yawa, gida goma sha ɗaya ne a cikin hawa ashirin da biyu, galibinsu masu karatun digiri na uku da iyalansu, sai 'yan samari uku da iyayensu ke biya musu kwaleji. Shekara ta biyu ke nan ta annoba, kowa ya gaji da kallon bango, don haka da labarin ya faɗo cikin guruf ɗin waya sai aka yi masa ca. An sace wa matar marigayi Ubale furanni a bakin ƙofarta.

Ubale korona ce ta ɗauke shi a watan Yuni, saura wata biyu ya kare kundinsa. Ma'aikatan asibiti ne suka binne shi, matarsa a waya ta ga jana'izar. Ita kaɗai ta yi takaba a ɗaki biyu a hawa na sha huɗu. Ranar Alhamis za ta fita takaba, Juma'a za ta ga kabarin mijinta karo na farko, Asabar jirgi ya ɗauke ta zuwa Kano. Babu wanda ya yaudari kansa cewa za ta sake dawowa ƙasar nan.

Da aka gama tsine wa ɓarawo, sai aka tuna da Ɗan'azumi. Injiniyan hanyoyi ne, amma ba don wannan aka tuna da shi ba. Ɗan Maigatari ne, ubansa mai bin sawun shanun sata ne, kuma tun yana ɗan shekara tara yake bin bayansa riƙe da gora. Ya taɓa faɗa wa mutane haka a wurin wani suna, ya kuma yi nadama, domin tun ranar ko makulli ne ya ɓata shi ake kira. Wannan karon bai yi ƙorafi ba. Ubale amininsa ne, kuma har yau bai iya goge lambarsa ba.

* * *

Ta bayan ƙyauren ƙarfe suka yi magana, ita daga ciki ta ja mayafi, shi daga waje da takunkumi a fuska.

"Baban Hafsa, ka yi haƙuri an taso ka."

"Ba komai, Malama Turai. Me aka aiko?"

"Wardi ne, guda uku. Daga wani gidan renon shuka a can kan tsaunukan Cameron."

"In na samo miki wasu fa? An buɗe masu sayar da shuka, gobe sai in je."

Ta girgiza kai. "Ba ni na zaɓa ba," in ji ta. "Shi ya zaɓa. Ina duba wayarsa na gan su a kwandon sayayya, tun kafin ya kwanta ya sa su, bai biya ba. Kullum yana cewa barandar nan ta yi tsirara. Ni dannawa kawai na yi. Su ukun ne suka rage musu, na tambaya ɗazu, sun ce sai baɗi." Ta gyara murya. "An rubuta wai irin nan ba ya mutuwa da shekara, ko ba a kula da shi ba yana tohowa. Na ce tunda ni zan tafi in bar shi, bari in bar masa wani abu mai rai a wajen kansa."

Ɗan'azumi ya dubi ƙasa. Tayil ne fes, an goge shi da maganin kashe cuta, ko giwa ce ta wuce ba za ta bar sawu ba.

"Wa ya san kin yi odar?"

"Ba kowa. Sai Malam Abdurrahim, shi ma tambaya na tura masa, ko ya halatta a dasa abu a kabari."

"Me ya ce?"

"Ya ce ba shi da asali, in bari. Ban bari ba."

"Hajiya Barira fa? Ai ita ke zuwa kullum."

"Ban faɗa mata ba. Matarsa ce, ban so in sa ta a tsakiya." Ta matso kusa da ƙyauren. "Don Allah, Baban Hafsa, ko ɗaya ne. Ba na son a kama kowa. Ɗaya kawai kafin Juma'a."

Ya ce in sha Allahu, ya juya, bai san ta ina zai fara ba.

* * *

Mai gadin ƙasa, wani ɗan Nepal mai yawan murmushi, ya tuna da kayan sarai da Ɗan'azumi ya tambaye shi. An sauke su da asuba a teburin waje inda ake fesa wa kowane kwali magani, ruwan sama ya zo ya gama aikin. Kwalin ya jiƙe ya rabe, sai ya jefar da shi, ya ɗauki abin da ke ciki ya kai har ƙofar madam ɗin da mijinta ya rasu, don ya san ba ta saukowa. Mene ne a ciki? Baƙar leda, bos. Ƙarfe bakwai daidai, bos.

Kyamarar baranda ta hawa na sha huɗu ta lalace tun bara, amma ta lif tana aiki, kuma kafin la'asar wani ya ɗauko hotonta ya watsa a guruf. Ga Zahraddeen nan, ɗan kwalejin da ke hawa na tara, ya shiga lif daga hawa na sha huɗu ƙarfe bakwai da minti ashirin, riƙe da baƙar leda. Da ma mutanen bene suna ciki da shi. Ya tara suma, ya rina gabanta, ba ya gaishe da manya sai da ɗaga hannu. Wata ta rubuta cewa ta ga ƙarce-ƙarce a hannunsa, irin na ƙaya. Malam Abdurrahim, da yake shi ne shugaban Hausawan benen, ya yanke: in ba a dawo da kayan ba zuwa la'asar ɗin Alhamis, za a kai magana ofishin masu bene, su kira 'yan sanda.

Ɗan'azumi ya same shi ranar Talata a wurin ajiye motoci, zaune a kan dakali, idanu sun yi ja.

"Yaya, wallahi I no carry anything. Me zan yi da fure? Ci zan yi?"

"Me ya kai ka sha huɗu?"

Saurayin ya sunkuyar da kai.

"Zahraddeen, fasfonka yana ina?"

"Yana immigration, ana sabunta biza. Wata uku ke nan."

"To ka san in 'yan sanda suka zo suka same ka babu fasfo a hannu, ba gida za ka kwana ba. Ka kuma san yadda cutar nan take a wuraren da suke tsare baƙi. Me ya kai ka sha huɗu?"

Saurayin ya miƙe, ya yafito shi. Suka hau, ya buɗe ɗakin da ke ƙarshen barandar Turai da makullin da ya ciro daga aljihu. Wata ƙatuwar mage ruwan toka ta diro daga kan firij, ta nufo su tana masifa. Ta wani ɗan Yaman ce da ya je hutu aka rufe iyaka da shi a waje. Wata goma sha tara Zahraddeen yana zuwa kowace safiya ya ba ta abinci, ya kwashe ƙazantarta a baƙar leda. Dokar bene ta hana dabba, in aka sani za a kwashe ta.

"Ita ta yi maka wannan?" Ɗan'azumi ya nuna hannunsa.

"Kullum fa. Ba ta da godiya ko kaɗan."

Ɗan'azumi ya duba ƙarcen. Layi huɗu ne a jere, tazararsu ɗaya. Ƙaya ba ta yin layi a jere.

"Da ka fito jiya, ka ga wani abu a ƙofar Malama Turai?"

"Kula kawai. Green ɗin nan."

Ke nan tsakanin bakwai da bakwai da minti ashirin kayan suka tafi, kuma kula ta riga ta iso. Ya ajiye wannan a ransa, bai so inda yake nuna masa ba.

* * *

Saboda annoba masu shara sun ragu, sai bayan kwana uku ake kwashe ɗakunan shara na kowane hawa. Ɗan'azumi ya sa safar hannu biyu, ya fara daga sha huɗu yana gangarowa ta matakala, yana buɗe leda yana tsaki. Fure yake nema, ja ko fari, ko ganye, ko tukunyar roba. Ya ga ƙashin kaza, ya ga robobin abincin saye sun fi ɗari, bai ga ko ƙwayar ganye ba.

A hawa na sha ɗaya, a saman kwandon, ya ga wata igiyar leda koriya an naɗe ta tsaf, kusa da wasu guntayen kirare masu ƙaya da aka daddatsa gajeru-gajeru. Kiraren bai ba su muhimmanci ba. Igiyar ce ta tsayar da shi, domin akwai jiƙaƙƙiyar ƙasa a jikinta, kuma babu mai noma a hawa na sha ɗaya. Ya warware ta a tafin hannu. Ba a yanke ta ba, ba a tsinke ta ba. Ta lanƙwashe a wuri bakwai, inda aka taɓa ƙulla ta, kuma duk wanda ya taɓa fama da igiyar leda jiƙaƙƙiya ya san ba ta kwantuwa da daɗi. Wani ya zauna ya kwance ƙulli bakwai ɗaya bayan ɗaya da farce. Ya sa ta a aljihu tare da guntun kara ɗaya.

Gidan Bahaushe ɗaya ne a hawan, gidan Malam Abdurrahim.

Malam ya karɓe shi a bakin ƙofa, dogo, fuska a ɗaure, da kwalin littattafai da aka kawo masa yanzu a hannu.

"Injiniya, an ce kana bincike. Ai an riga an ga ɓarawo."

"Allah gafarta Malam, an ga mutum da leda. An ce kai ka hana a dasa furen."

Malam ya dube shi sama da ƙasa. "Tambayata aka yi, na faɗi abin da na sani. Har gobe ina nan a kan bakana. Amma in kana nufin zan hau bene in ɗauke kayan matar da ke takaba don in gyara mata addini, to ba ka san ni ba, kuma ka ci mutuncina a ƙofar gidana." Yana magana ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya ratsa igiyar kwalinsa da ita sau ɗaya, ya watsar gefe.

"Ka yi haƙuri, Malam. Kowa nake tambaya."

Hajiya Barira ta leƙo daga bayansa. Mace ce mai jiki, mai saurin hawaye, wadda tun ranar rasuwa ba ta bari tukunyar Turai ta hau wuta ba. Babban yatsanta na dama a naɗe yake da bandeji.

"Hajiya, da kika kai kula jiya, kin ga furanni a ƙofar?"

"Ban ga fure ba, Baban Hafsa. Wallahi ban ga fure ba." Ta faɗa kai tsaye, idonta cikin nasa, kuma ya san rantsuwar gaskiya idan ya ji ta. Ta rage murya, ta saci kallon mijinta. "Amma ku bincike yaron nan da kyau. Wanda ya je ƙofar nan ba sata kaɗai ta kai shi ba. Yarinyar nan ana binta da sharri."

"Wane irin sharri?"

"Barira," in ji Malam, "kin fara camfe-camfen naki ko? Shiga ciki."

Ta shige. Ɗan'azumi ya sauka yana jin haushin kansa. Malam mutum ne mai yanka igiya, ba mai kwancewa ba. Hajiya kuwa ta rantse, kuma ba ƙarya ta yi ba. Sawu ya kawo shi har bakin ƙofa ya ɓace.

* * *

Ranar Laraba bayan sallar asuba yana zaune a baranda da igiyar a cinya, sai ya tuna yadda ubansa yake fara aiki. Tsohon ba ya duban ƙasa sai ya zaunar da mai shanu ya tambaye shi: saniyar wace iri ce, shekararta nawa, tana ɗingishi, kofatonta ya tsage? Shi kuwa kwana biyu yana bin abin da bai taɓa tambayar kamanninsa ba. An ce fure, ya ɗauka fure.

Ya karɓi lambar gidan renon daga Turai, ya kira. Wata dattijuwa ta ɗauka, suka haɗa Turancinsa da guntun Malayancinsa suka fahimci juna. Ya ce ta turo masa hoton yadda suke aika wardi. Ta yi dariya, ta ce boleh, wato ba matsala, ai yawancin masu saye sukan kira su suna faɗa, wai an aiko musu da itacen wuta. Ba sa aikawa da tukunya, ta yi nauyi. Tuge shi suke yi, su aske ganye da fure duka, su datse rassan, su toshe kan da jan kaki don kada ya bushe, su naɗe saiwar da jiƙaƙƙen tsumma da 'yar ƙasa, su ƙulle tamau don kada ruwan ya zube a hanya. Sai su rataya 'yar takarda da sunan mai oda. Da ya iso a jiƙa shi a ruwa, sannan a dasa.

Hoton ya shigo. Ɗan'azumi ya daɗe yana kallonsa, tsigar jikinsa na tashi, duk da ya san mene ne. Kirare uku masu ƙaya, kawunansu jajaye, an naɗe gindinsu da baƙin tsumma, an ƙulle da igiya. Ya ciro guntun da ya tsinto a shara, ya ga jan kaki a bakinsa.

"Da wane suna aka yi odar nan?" ya tambaye ta.

Ta duba. "Ubale Muhammad."

Ya ajiye wayar. Bai ji daɗin gano gaskiya ba ko kaɗan. Ya so ya je ya sami wadda ta ɗauke kayan ita kaɗai, a rufa asiri. Amma Zahraddeen a gaban kowa aka kira shi ɓarawo, ba zai yiwu a wanke shi a ɓoye ba.

* * *

Ranar Alhamis da la'asar suka taru a barandar hawa na sha huɗu, kowa da takunkumi, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara. Turai, wadda ta fita takaba da safiyar, tana tsaye a bakin ƙofarta a buɗe. Malam ya harɗe hannu. Hajiya Barira ta tsaya kusa da Turai. Zahraddeen yana can gefe shi kaɗai, babu wanda ya amsa sallamarsa da ƙarfi.

"Ba zan kira sunan kowa ba," in ji Ɗan'azumi. "Na farko, Zahraddeen bai ɗauki komai ba. Na ga abin da ke cikin ledarsa, ba ku so ku gani. Na biyu, mu duka mun yi kuskure ɗaya, har da ni. Malama Turai, kin taɓa ganin yadda kayan za su zo?"

"A'a. Hoton furen kawai na gani, ja ne."

Ya ɗaga igiyar. "Wannan ita aka ɗaure su da ita. Ɓarawo yanke igiya yake yi, yana sauri. Wannan an zauna an kwance ta ƙulli bakwai, ɗaya bayan ɗaya. Ni a garinmu abu ɗaya na sani da ake yi wa haka, ana kwancewa ana karanta Falaƙi da Nasi." Ya tura hoton cikin guruf. "Ku duba wayoyinku. Wannan shi ne wardin."

Wayoyi suka yi ƙara tare. Wata mata ta ce a'uzubillahi kafin ta kama bakinta.

Hajiya Barira ta kalli wayarta, ta kalli igiyar, ta sake kallon wayar. Ta zame ta zauna a kan tayil.

"Wannan ne furen?" Da ƙyar aka ji ta. "Turai, wannan ne?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Na zo da kula na ga baƙar leda a ƙofarki, na leƙa ciki. Ƙaya, da jan abu kamar jini, da ƙasa, da sunan marigayi an rubuta an rataya. Na ce shi ke nan, ba su bar shi ba, ita ma ba za su bar ta ba, har da ƙasar kabari suka haɗo. Na ce ba za ki gan shi ba, abin da ke kanki ya ishe ki. Na sa a hijabi na sauka ta matakala. Da aka ce an sace fure, sai na ce to wanda ya sace shi ya ajiye wannan." Ta juya wajen Zahraddeen, hawaye ya jiƙa mata takunkumi. "Ni na fi kowa zaginka, ɗan nan. Ni na ce an ga ƙaya a hannunka."

Zahraddeen ya kawar da kai. "Kwana uku ban yi barci ba, Anti. Har na kira mamana na ce ta yafe min."

Malam ya sauke hannuwansa. Ya buɗe baki zai yi wa matarsa magana, ya fasa. Ya taka har gaban saurayin, ya ce, "Na yanke maka hukunci ban tambaye ka ba. Ka yafe mini." Zahraddeen ya gyaɗa kai, amma bai ce ya yafe ba, kuma babu wanda ya ga laifinsa.

Turai ba ta motsa ba. "Yaya Barira," in ji ta a hankali, "suna ina?"

"Na so in ƙona, na ji tsoron ƙararrawar hayaƙi. Na daddatsa biyu da wuƙa." Kukan ya ci ƙarfinta. "Na ukun ya soke ni a yatsa har jini, na tsorata, na ce ya fi ƙarfina. Na jefa shi a bokiti a bayan injin wanki, na zuba ruwa da ganyen magarya, kullum ina tofa masa addu'a don ya karye. Ban faɗa wa Malam ba, zai ce camfi."

"Kin sa gishiri?" in ji Ɗan'azumi, domin ya san gishiri kashe shuka yake yi.

"A'a. Na manta."

Malam da kansa ya sauka ya ɗauko bokitin. Ɗan'azumi ya tsoma hannu ya ciro karan, baƙi, yana ɗigar ruwa, ganyen magarya sun manne masa. Ya juya shi a haske. A ƙarƙashin ƙaya ta biyu akwai wani ɗan tsiro ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya miƙa wa Turai, ta karɓa da hannu biyu, ba ta damu da ƙayar ba.

* * *

Juma'a da safe Malam ne ya tuƙa su zuwa maƙabarta. Ya ce ra'ayinsa bai sauya ba, amma ba zai bar matar Ubale ta hau motar haya ba. Shi ya tsaya a bakin hanya yana addu'a, Turai da Barira da Ɗan'azumi suka shiga.

Sashen waɗanda annoba ta kashe sabon fili ne, jar ƙasa, layi bayan layi, ba a kai ga sa duwatsu ba. Kowane kabari da ɗan katako da lamba. Turai ta riƙe takardar asibiti tana karanta lambobin har ta tsaya. Ta daɗe tsaye. Ɗan'azumi ya ja baya ya ba ta wuri, ya yi wa amininsa sallama a zuci, hawaye ya zo masa bai hana shi ba.

Da cokalin miya ta haƙa ramin, don ba su tuna sun zo da wani abu ba. Ta dasa karan a wajen kai, ta danna ƙasa da tafin hannu, Barira ta juye sauran ruwan bokitin a gindinsa.

"Ko sunansa babu," in ji Turai, tana shafa katakon.

Barira ta kwance bakin zanenta, ta ciro wata 'yar farar takardar roba. "Ban iya jefa ta a shara ba," in ji ta, "akwai sunan Manzon Allah a jiki." Rubutun dattijuwar nan ne na kan tsauni, da baƙin alƙalami: Ubale Muhammad.

Turai ta karanta, ta sake karantawa. Ta miƙa hannu wajen Ɗan'azumi, ya gane, ya ciro koriyar igiyar daga aljihunsa ya ba ta. Ta zura ta a hujin takardar, sannan ta miƙa wa Barira.

"Ni?" in ji Barira.

"Ke kika kwance, Yaya, ke za ki ɗaure. Gobe ni na tafi. Ke za ki riƙa zuwa kina duba shi."

Barira ta durƙusa a jar ƙasar, da yatsanta mai bandeji, ta fara ƙulla igiyar a jikin karan tana kuka. Ɗan'azumi bai yi niyyar ƙirgawa ba, amma ya ƙirga. Sai da ta yi bakwai sannan ta saki.